Zafin Bazara da Ruwan Farko a Ƙasar Haɗeja

In an ce wata kaza ya yi zafi ainun, ko kuwa ruwansa ya kasa, da me aka gwada shi? Ma'aikatan awon yanayi sukan tara awon shekara 30, su raba. Abin da ya fito shi ne matsakaici, kuma da shi ake gwada kowane wata. Wanda ake aiki da shi yanzu na 1991 zuwa 2020 ne.

A ƙasar Haɗeja ruwan shekara wajen inci 24 ne, watau milimita 600, kuma galibinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Ga yadda watannin bazara suke.

Maris. Ba a ruwa. Hunturu ya janye, zafi yana hawa. In ya wuce matsakaici, alkamar da aka shuka a makare sai tsabarta ta motse. Maganin wannan shi ne a shuka ta tun cikin Nuwamba.

Afrilu. Nan zafi ya fi tsanani, da rana yakan kai digiri 40, har ya wuce. Ruwa kuwa, in an samu, yayyafi ne. Tumatir yakan zubar da fure, saboda haka mai lambu ya yi ban ruwa da sassafe ko da maraice.

Mayu. Hadari yakan haɗu da iska, a yi ruwa sau ɗaya ko sau biyu. A nan manomi yake ruɗuwa. Matsakaicin Mayu kaɗan ne, don haka ko an ce ruwan bana ya ninka shi biyu, bai isa shuka ba. In an shuka gero, rana ta buɗe kwana goma, an yi asarar iri. Gara a jira ruwa kamar inci ɗaya cikin kwana biyu ko uku, ƙasa ta jiƙu sosai.

Mai fadama kuma kada ƙarancin ruwan bazara ya sa ya saki jiki. Kogin Haɗeja da ruwan ƙasar Kano yake cika, inda aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992. A 2020 da 2022 ambaliya ta cinye shinkafa mai yawa a Auyo da Kirikasamma da Guri.

Kowace shekara Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina tun da rani. Manomi ya tambayi malamin gona kafin ya buɗe rumbu. Sauri, in ji masu magana, ya haifi nawa.