Idan Likita Ya Ce Ƙodar Baba Ta Gaza

Daga Fadan Kagoma zuwa Kafanchan babu nisa, amma da zarar likita ya ambaci wankin ƙoda, tafiyar tana iya kai iyali Jos, Kaduna ko Shika. Kafin a sa dattijo a mota:

1. A gaya masa gaskiya da harshen da ya fi ji, Hausa ko yaren Kagoma. Sau da yawa 'ya'yan da ke Abuja sukan gama shawara ta waya, mai jikin yana kwance a ɗaki ba wanda ya tambaye shi. Wannan ba tausayi ba ne. A zauna gefen gadonsa a ce, "Baba, yaya kake so a yi?" Mama ma haka.

2. Wanki ba ya warkar da ƙodar da ta daɗe da lalacewa, aikinta kawai na'ura take yi. Ƙa'idarsa sau 3 a mako, kusan awa 4 kowane zama, ba ranar gamawa. A lissafa kuɗin wankin, na mota, na allurar ƙara jini, da wanda zai bar aikinsa ya yi rakiya. Kada a sayar da gonar citta don wankin wata guda, sannan a tsaya cak.

3. Akwai wata hanyar: kulawa ba tare da wanki ba. Ga wanda ya haura 80, ga ciwon zuciya, ga rashin ƙarfi, wanki ba lallai ya ƙara masa kwana sosai ba, kuma kwanakin a hanya da gadon asibiti za su tafi. Likita zai ci gaba da maganin kumburi, ƙaiƙayi, tashin zuciya da hawan jini, Baba yana gida cikin jikokinsa. Wanda ya zaɓi haka ba a yasar da shi ba, kada dangi su zargi kowa.

4. Idan an rasa matsaya, a roƙi likita a gwada wankin na 'yan makonni, a sa ranar sake zama.

5. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, amma ba kowane jikin tsufa ke ɗaukarsa ba.

6. A daina sayo masa diclofenac da ibuprofen a kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. A rage gishiri, magi da kanwa.

7. Tun yana da bakin magana, a kira fasto ko liman da babban ɗa, ya faɗi wanda zai yanke shawara a madadinsa, da inda yake so a yi jinyarsa idan jiki ya tsananta.