Allurar Rigakafin Karnuka da Ciwon Zuciya na Gado: Nazari Daga Gusau, Tsafe da Bungudu

Tsakure

Maƙalar ta duba ko allurar rigakafi tana iya haifar wa kare ciwon zuciya na gado. An nuna cewa abin da ya haɗa su shi ne faɗuwarsu a lokaci guda, kuma ƙin allurar ya fi yin ta hatsari ga kare da mutanen gida.

1.0 Gabatarwa

Kare yana da gurbi a rayuwar Zamfarawa. Mafarauta a ƙauyukan Tsafe da Bungudu suna fita daji da shi da rani, makiyaya suna tsaron garke da shi, a Gusau kuma ana ajiye karnukan waje domin gadin gida. Idan irin wannan kare ya faɗi matacce kwana kaɗan bayan allura, ba abin mamaki ba ne mai shi ya ɗora laifin a kanta, maƙwabta kuma su hana nasu. Wannan zargi ne ya cancanci a auna shi da ma'aunin ilimi.

2.0 Asalin Ciwon

Ciwon gado yana cikin ƙwayoyin halittar da kwikwiyo ya karɓa daga iyayensa tun ranar da aka ɗauki cikinsa. Allurar farko kuwa sai ya kai mako 6 zuwa 8 ake yi masa, ta haukan kare kuma sai ya kai wata 3. Abin da ya zo daga baya ba ya zama sanadin wanda ya riga shi.

Ciwon yana bin jinsi. Dobaman ya yi suna da buɗewar zuciya, inda tsokarta ke saki har ta kasa tura jini. Boksa yana fama da rikicewar bugun zuciya, wanda kan kashe kare farat ɗaya. Alseshan yana cikin waɗanda akan haifa da wata jijiya a buɗe, wadda ya kamata ta rufe a kwanakin farko bayan haihuwa. Barbara tsakanin dangi na kusa, wadda masu kiwon karnuka don sayarwa kan yi saboda ƙarancin iri, tana ƙara yaɗa waɗannan lahani.

3.0 Inda Ruɗanin Yake

Ga yawancin karnuka, ranar allura ce ranar farko da likitan dabbobi ya taɓa ɗora na'urar sauraro a ƙirjinsu. A ranar ake jin sautin da ba daidai ba, sai gano ciwo ya yi kama da samuwarsa. Haka kuma ciwon Dobaman yakan ɓoye shekaru kafin ya bayyana, don haka karen da ake yi wa allura a kai a kai zai iya faɗuwa kusa da ɗaya daga cikin ranakun.

Wannan ba ya nufin allura ba ta da illa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005, kan karnuka fiye da miliyan 1.2, ya sami kimanin 38 cikin kowane 10,000 da suka nuna illa cikin kwana 3, galibi kumburin fuska, ƙaiƙayi ko amai, kuma ƙananan karnuka sun fi shiga ciki. Wannan bore ne na garkuwar jiki, ba sauyin gado ba. Sai dai karen da zuciyarsa ke da rauni yana da wuyar jure bore mai tsanani, shi ya sa duba lafiyarsa kafin allura ya zama wajibi.

Tarihi ma ya karkata ga allurar. Da cutar fabo ta ɓulla a duniya a 1978, ta riƙa kumbura tsokar zuciyar 'yan kwikwiyo suna mutuwa. Wannan nau'i ya yi ƙaranci bayan da iyaye mata suka sami garkuwar da suke ba 'ya'yansu ta nonon farko.

4.0 Abin da Ke Kan Sikeli

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya a rayu. Katse yaɗuwarsa yana buƙatar a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana sarrafa allurar a cikin gida, amma tana buƙatar sanyi, kuma rashin tsaro a Tsafe da Bungudu ya sa kai ta ƙauye ya yi wuya. Karen farauta, mai cuɗanya da namun daji, shi ya fi buƙatarta.

Karen da aka ji wa sautin ciwo a zuciya, a daina barbara da shi, a kuma nemi ƙarin bincike a asibitin koyarwa na dabbobi na Sakkwato ko Zariya, ba a hana shi allura ba. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar.