Yadda Ake Tsefe Rajistar Manoman Kadawa a Kwamfuta

Littafin da ma'ajin ƙungiyarmu ta manoman Kadawa ya miƙo min baƙi ne mai kaurin bango, irin na rubuta bashi a kanti, gefensa duk shatin laka. Kowane manomi da layi guda kan kowace gonarsa: suna, gari, lambar waya, sashe da shugabansa, lambar gona, faɗinta, abin da aka shuka, kuɗin ruwa, abin da ya biya, da saura. Wani yaro ya riga ya kwafe shi kaf a Excel, yana ta murna wai aiki ya ƙare. Ni kuwa da na duba, sai na ga ɓarnar takarda ce kawai aka mayar cikin kwamfuta.

Ruwan da muke rigima a kan kuɗinsa daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Yana biyo babban kanal, ya rarrabu cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Gona ake kai wa ruwa, amma mutum ake bi kuɗi. Duk wahalar wannan aiki a tsakanin waɗannan biyun take.

Masana suna kiran aikin nomalaizeshan. Ni tsifa nake ce masa, don kamar tsefe tsohon kitso ne: sili-sili ake bi, in ka fizga ka tsinka. Wani Bature ɗan Ingila, Edgar Codd, ma'aikacin IBM a Amurka, shi ya shimfiɗa ƙa'idar a 1970, ya ƙara mataki na biyu da na uku a 1971. Gundarinta shi ne kowace magana a rubuta ta sau ɗaya, a wuri ɗaya.

Matakin farko ba ya cin lokaci. Duk gurbin da aka cusa abu biyu a ciki, kamar "tumatir da albasa" ko lambar waya biyu, a raba shi. Ginshiƙan littafin na "biya na ɗaya, biya na biyu, biya na uku" a rushe su, domin ranar da wani ya biya sau huɗu babu inda za a sa shi. Kowane biya ya zama layi mai zaman kansa, da ranarsa da lambar rasit. Faɗin gona ma a tsayar da ma'auni guda. Manomi eka yake faɗa, takardar hukuma hekta take rubutawa, hekta ɗaya kuwa ta kusa eka biyu da rabi, ga kalmar kadada da kowa ke ja wajensa. Na zaɓi hekta, na bar wa kwamfuta juyawa.

Sai a ba kowane mutum lambar da ba ta canzawa. Suna ba ya wannan aiki, don a ƙauye ɗaya sai ka tarar da Garba uku, biyu ma sunan mahaifinsu ɗaya, laƙabi ne kaɗai ke raba su. Lambar waya ta fi muni: gida guda waya guda, layi kuma yana ɓata. Lamba ce kawai kwamfuta za ta ƙirga, ɗaya, biyu, uku, laƙabin kuma a ba shi gurbinsa, domin da shi ake nemo mutum a bakin kanal.

Daga nan tebur ɗaya ya haifi uku: na manoma, na gonaki, na sassa. Dalilin a fili yake. Mai gona huɗu sunansa da wayarsa sun fito sau huɗu a tsohon littafi, ya sauya layi aka gyara biyu aka manta biyu. Sunan shugaban sashe kuma an maimaita shi a kan kowace gona, alhali ba sifar gona ba ce, ta sashe ce. Gona ta riƙe lambar sashenta kurum, sashe ya riƙe shugabansa, ranar da aka yi sabon zaɓe gurbi ɗaya za a taɓa. Wannan shi ne mataki na uku da ake ta tsorata ɗalibai da shi.

To, ga inda na faɗi. A teburin gonaki na sa gurbi guda na lambar manomi, ina ganin ai kowace gona da mai ita. Muka yi damina lafiya. Da aka yanke shinkafa, wani dattijo ya ba da gonarsa haya ga wani matashi mai noman tumatir. Na buɗe kwamfuta na cire lambar dattijo na sa ta matashin. Shi ke nan, bashin ruwan damina da dattijo bai gama biya ba ya tashi ya hau kan wanda ko ƙwayar shinkafa bai gani ba. Ranar taro aka kira sunan matashin cikin masu bashi, a gaban surukinsa. Ba na son tuna irin kallon da ya yi min.

Da aka watse ma'aji ya ja ni gefe. "Ɗana, na'urar taka ba ta san haya ba ne?"

"Baba, ni ne ban gaya mata ba."

"To ka gaya mata har da aro da jingina. Ka kuma gaya mata ana mutuwa a raba gado."

A wannan 'yar maganar ya zana min teburin da na rasa. Tsakanin mutum da gona akwai abu na uku, na kira shi riƙo. Kowane layinsa yana cewa: wane ya noma gona kaza, a zango kaza, faɗi kaza, ta hanyar mallaka ko haya ko aro ko jingina. Mutum ɗaya yana iya riƙe gona biyar, gona ɗaya magada huɗu suna iya yanka ta, kowa da layinsa, muddin jimlar yankunan ba ta wuce faɗin gonar ba. Kuɗin ruwa a wuyan riƙo ake rataya shi, ba a wuyan gona ko na mai ita ba, kowane rasit kuma ya nuna riƙon da ya biya wa. Sabon zango sabon layi, ba a goge na jiya. Mallaka kanta na ware mata tebur mai ranar farawa da ranar ƙarewa, saboda ranar da rigimar gado ta tashi, tambayar ita ce wa ke da gonar a wancan lokacin.

Zangon ma akwai tarko a ciki. Alkama ana shuka ta wajen Nuwamba, a girbe ta wajen Maris, wato noman rani ɗaya yana taka shekara biyu. Wanda ya rubuta shekara kaɗai zai haɗa ƙarshen wani rani da farkon wani a buhu ɗaya. Don haka zango ya samu teburinsa: damina ko rani, ranar buɗewa, ranar rufewa, da kuɗin hekta na wannan zangon. Abin da aka shuka shi ma a riƙo yake zama, tunda gonar da ta yi shinkafa da damina ita ce ke yin alkama ko albasa da rani.

Akwai masu tsifa har su tsinke gashin, ban bi su ba. Saura ba na ajiye shi, kwamfuta ta debe abin da aka biya daga abin da aka yanka duk lokacin da aka tambaya. Amma kuɗin da aka yanka wa mutum ina rubuta shi daram a layin riƙonsa, ko da za a iya lissafo shi. In aka sake awon gona baɗi aka ga ta fi yadda ake zato, bai kamata bashin bara ya kumbura da kansa ba. Abin da aka gaya wa manomi a ranar, shi ne a bakinsa, shi ne kuma a rasit.

Ragowar aikin gajere ne. Na zuba komai a SQLite, don fayil ɗaya ne, ba ya neman intanet, ana kwafe shi a filashi kafin caji ya ƙare. Sai dai a tuna kunna masa tsaron alaƙar tebura, domin a kashe yake zuwa, in ba haka ba zai karɓi rasit na riƙon da babu shi bai ce uffan ba. Na sa fihirisa a kan lambar gona da lambar manomi a teburin riƙo, tunda ta nan kowace tambaya ke shiga.

Ma'aji bai saki baƙin littafinsa ba. Duk ranar taro yana buɗe shi a cinya, ina karanto masu bashi daga kwamfuta yana bi da yatsa. Na dai leƙa kwanan baya na ga ya ja sabon layi da jan biro a gefen kowane shafi, ya rubuta a samansa: wa ya noma bana.