Yaron Da Ba Ya Ji, Kada Ya Rasa Harshe

Mun shirya wannan darasi domin iyaye, da masu jinya, da malaman yara, musamman 'yan'uwanmu na ƙasar 'Yankwashi, da Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da Ɓaɓura. Ku karanta shi a hankali, sa'an nan ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Bari mu fara da abin da ya kan faru a ƙauyukanmu. Ana cikin zafin bazara, yaro ɗan shekara biyu ya kwanta da zazzaɓi, wuyansa ya sandare. Aka kai shi asibiti, aka yi masa allurai, ya tashi. Kowa ya yi murna. Bayan mako biyu uwarsa ta kira shi daga baya, bai waiwayo ba. Ta ce taurin kai ne. 'Yan kalmomin da ya iya a dā suka riƙa raguwa har suka ɓace. Mutanen gida suka ce, "Ai ya zama bebe," suka ƙyale shi. Ya kai shekara goma yana kiwon awaki, ba wanda ya taɓa gaya masa sunan garinsu, ko dalilin da ya sa kakarsa ba ta nan kuma.

Hasara biyu yaron nan ya yi. Ta fari ita ce ta ji, ciwo ne ya jawo ta. Ta biyu ita ce ta harshe, wannan kuwa rashin saninmu ne ya jawo ta. Sau da yawa ana iya hana ta farin. Ta biyun kuwa kullum ana iya hana ta.

1. Abin Da Ke Kashe Kunne

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje wanda mu ke gani. Akwai na tsakiya, bayan dodon kunne, inda waɗansu 'yan ƙasusuwa uku su ke. Akwai kuma na can ciki, mai kama da katantanwa, wanda ke cike da ruwa da waɗansu 'yan gashi ƙanana ƙwarai. Su ne ke miƙa sauti ga ƙwaƙwalwa. In suka mutu ba su sake tsirowa.

Sanƙarau shi ne babban abokin gabansu a ƙasarmu. Ya kan zo da rani, daga hunturu har faɗuwar ruwa. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. A 2023 ma ya yi tsanani a Jigawa, musamman wajen iyakar Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga irin wannan ciwo, ɗaya ya kan tashi da lahani, kurumta kuwa tana cikin lahanin da aka fi gani.

Ban da sanƙarau akwai ƙyanda, da hangum, da ciwon kunne mai zubar da mugunya wanda aka bari ya daɗe. Akwai shawara mai tsanani a jariri sabon haihuwa, da wahalar haihuwa wadda ta sa jariri ya jima bai yi numfashi ba. Waɗansu allurai masu ƙarfi ma, kamar jentamaisin, su kan kashe kunne in aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Wani yaron kuma da kurumtarsa aka haife shi, ba laifin uwa ba, ba na uba ba. Hukumar nan ta ce cikin kurumtar yara, kusan kashi 60 daga cikin 100 ana iya hana ta.

2. Aikin Mai Jinya

Ko wace uwa mai jinya ce, ko ta shiga makaranta ko ba ta shiga ba. Ga abin da ya kamata ta sani.

Na ɗaya, rigakafi ya fi magani. A kai yaro allurar ƙyanda yana wata 9, a maimaita yana wata 15. In an yi shelar allurar sanƙarau kada a ɓoye yara. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari a duniya da ta fara ba da sabuwar allura mai tsare mutum daga iri biyar na ƙwayar sanƙarau, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da aka fara da su.

Na biyu, a san alamun sanƙarau: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, amai, sandarewar wuya, ƙin haske, taune-taune. A jariri maɗiga ta kan kumbura, ya ƙi nono. In kun ga haka kada ku jira gari ya waye, kada ku tsaya wurin mai kemis. Ku nufi asibiti nan da nan, gama ciwon nan ya kan kashe cikin kwana ɗaya. A hanya ku kwantar da yaron a gefensa, ku shafa masa ruwa mai ɗan ɗumi, kada ku ɗura masa kome a baki in ba ya cikin hayyacinsa.

Na uku, in kunne yana zubar da mugunya, a kai yaro a duba shi. A gida a naɗe tsumma mai tsabta kamar lagwani, a sa a bakin kunnen ya tsotse ruwan, a canja shi har ya fito a bushe, sau uku a rana. Kada a zura tsinke ko gashin kaza. Kada a ɗiga man ja, ko ruwan ganye, ko wani abin da likita bai ba da ba.

Na huɗu, bayan ko wane babban ciwo a gwada jin yaro, kada a wuce wata ɗaya. Mutum ɗaya ya zauna gabansa yana wasa da shi. Wani ya tsaya bayansa inda ba ya ganinsa, ko inuwarsa, ya kira sunansa a hankali, sa'an nan ya buga kwano da cokali, dama da hagu. Ku lura, kurma ya kan ji motsin ƙasa a jikinsa. Yaron da ya waiwayo sa'ad da ana daka a turmi ba lalle ne kunnensa ya ji ba. In kuna shakka ku roƙi likita ya tura ku inda a ke auna ji, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wani yaron yana da sauran ji, na'urar ƙara ji za ta taimake shi.

3. Yadda Yaro Ke Koyon Harshe

Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana Hausa. Mun tsince ta ne a bayan iyayenmu mata, a wurin daka, a bakin rijiya. Jariri ya kan fara jin muryar uwarsa tun yana ciki, a watanni uku na ƙarshe. In ya kai wata 6 yana juyowa wajen sauti. Tsakanin wata 6 da wata 10 ya fara "ba-ba-ba" da "da-da-da". Wajen shekara ɗaya ya faɗi kalma ta fari. Wajen shekara biyu ya haɗa kalma biyu. Kafin ya shekara biyar ya iya harshen gidansu, wani ma har biyu, kamar 'ya'yan Fulanin da ke tashi da Fulatanci da Hausa tare.

Abin da ya kan ruɗi iyaye shi ne, jariri kurma ma yana kuka, yana dariya, yana 'yan guje-gujen murya a watannin farko. Sai daga baya a ga gwarancinsa bai ci gaba ba.

Ga babban abin da mu ke so ku riƙe. Ƙwaƙwalwar yaro tana da lokacinta na karɓar harshe, watau shekarun farko, musamman daga haihuwa zuwa shekara biyar. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Yaron da ya wuce wannan lokaci ba shi da ko wane harshe, daga baya kome ya kan yi masa wuya, karatu, da lissafi, har da bayyana abin da ke ransa. Amma ƙwaƙwalwa ba ta damu ba ko ta kunne harshen ya shiga ko ta ido. A 1991 waɗansu masana a Kanada suka nuna cewa jariran da ke tashi cikin maganar hannu su kan yi gwaranci da hannuwansu, daidai lokacin da masu ji ke yi da baki.

Wani zai ce, "To, ya riƙa kallon bakinmu mana." Ku gwada ku gani. Ku tsaya gaban madubi ku ce "baba", ku ce "mama", ba tare da murya ba. Leɓe iri ɗaya ya ke yi. Ku ce "gashi", ku ce "ƙashi". Bambancinsu yana can cikin baki inda ido ba ya kai wa. Garin da mu ke zaune ciki da garin tuwo kuwa, jan wasali ne ke raba su. Kallon baki yana taimakon wanda ya riga ya iya harshe. Ba ya isa ya koya wa jariri harshe daga tushe.

4. Maganar Hannu Harshe Ce

An daɗe ana gardama a kan wannan. A 1880 malaman kurame suka taru a Milan ta ƙasar Italiya, suka yanke shawara a daina koyarwa da hannu. Yara da yawa suka sha wahala sabo da wannan. A 1960 wani malami Ba'amurke, William Stokoe, ya nuna cewa maganar hannu tana da ƙa'idodinta kamar ko wane harshe. A 2010 taron malaman kurame na duniya, a Vancouver ta Kanada, ya janye shawarar Milan.

A ƙasar Nikaraguwa an ga abin mamaki. A 1977 aka buɗe makarantar da ta tara yara kurame a Managuwa, malamai suna ƙoƙarin koya musu kallon baki. Amma a filin wasa da cikin motar makaranta yaran suka riƙa haɗa alamun da ko wanne ya zo da su daga gida. Ƙanana da suka shigo daga baya suka gyara su, har ya zama cikakken harshe. Watau abin da yaro kurma ya fi bukata shi ne abokan magana.

Mu ma a ƙasar Hausa muna da tamu tun kaka da kakanni. Ana kiranta maganar hannu, ko maganar bebaye. Kurame na koya wa juna ita a dandali da kasuwa, masu ji da yawa ma sun iya kaɗan. A Kano har akwai sarautar Sarkin Bebaye. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinta, ta buga littafi a kanta a 2000.

5. Makarantu

Mutumin da ya fi kowa aiki a kan makarantun kurame a Afirka, shi ma sanƙarau ne ya kashe masa kunne yana ɗan shekara 11. Sunansa Andrew Foster, baƙar fata ne na Amurka, an haife shi a 1925. Ya gama babbar makarantar kurame ta Gallaudet a 1954, ya zo Afirka aikin mishan. Ya buɗe makaranta a Akkara a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960. Kafin ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu fiye da 30. Ku duba, ciwon da ya kama yaron da muka fara da labarinsa, shi ne ya kama wannan. Bambancinsu shi ne ɗaya ya sami harshe da makaranta.

A Kano an buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977, akwai kuma makarantar kurame a Malumfashi ta Jihar Katsina. Alamun da a ke koyarwa da su a makarantu sun samo asali daga na Amurka, sun bambanta da maganar hannu ta gida. Kada wannan ya dame ku. Yaron da ya je da harshe ɗaya a hannunsa, na biyu ba ya yi masa wuya. A watan Janairu na 2019 kuma aka sa hannu a dokar ƙasa wadda ta hana nuna wa naƙasassu bambanci.

6. Abin Da Za Mu Yi Tun Yau

Daga ƙauyukan 'Yankwashi zuwa Kano tafiya ce, ba kuwa a karɓar jariri a makaranta. Sabo da haka gida shi ne makaranta ta fari.

Ku nemi babban kurma mai hankali a garinku ko a kasuwar da ku ke ci, ku roƙe shi ya riƙa zuwa gidanku. Shi ne malaminku. Dukan gida su koya, uba da uwa da yayye, kada a bar wa uwa ita kaɗai. Ku fara da abin da yaro ke bukata kullum: ruwa, tuwo, nono, barci, zafi, zo, bari. Ku taɓa kafaɗarsa kafin ku yi magana, ku durƙusa daidai tsawonsa, haske yana kan fuskarku. Ku yi alama kuna kuma faɗi da baki. Wanda ya riga ya iya magana kafin ciwon, ku ci gaba da hira da shi domin kada maganar ta ɓace, ku koya masa karatu da wuri.

Ku koya masa alamun ciwo, domin ran da ba shi da lafiya ya iya nuna wa mai jinya inda ke masa zafi. Ku koya masa duba hanya, gama ba ya jin mota ko babur. Ku koya wa 'ya mace yadda za ta gaya muku in wani ya taɓa ta, gama mugaye su kan nemi wadda ba ta iya kai ƙara. A wurin taro ku zaunar da shi gaba, wani ya riƙa juya masa abin da a ke faɗi. Ku kira shi da sunansa na yanka, ku hana yara tsokanarsa.

Tambayoyi

1. Waɗanne hasara biyu ne yaron cikin labarin ya yi? Wacce ce ke hannunmu?
2. Ku faɗi alamun sanƙarau biyar.
3. Don me kallon baki kaɗai ba ya isa?
4. Kurame nawa ne a unguwarku? Kun san sunayensu? Wa zai fara ziyartarsu a wannan mako?