Ɗana, Kafin Ka Sayi Alƙalamin Feshi

Ɗana, na ji daɗin labarin cewa hannunka ya fara faɗawa a fentin ƙananan sojojin nan na wasan yaƙi da ake jerawa a kan tebur, har ka soma tara kuɗin sayen alƙalamin feshi. Allah ya sa albarka. Ka kuma zauna a inda abin yake da kasuwa, tun da a Nottingham ta Ingila kamfanin Games Workshop yake, wanda ya fito da Warhammer a 1983, ya biyo shi da Warhammer 40,000 a 1987. Kayan aiki ba za su yi maka wuyar samu ba. Abin da nake ji maka tsoro shi ne yawansu, da yawan masu cewa nasu ya fi. Tun da ka nemi shawarata, ga inda nake so kuɗinka su fara zuwa.

Fara da iska. Alƙalamin feshi ƙanin bindigar masu fentin mota ne: iska tana bi ta bakinsa da ƙarfi, ta kwashi fenti daga tsinin allura ta watsa shi. In iskar tana zuwa tana yankewa, haka fentin zai riƙa fita, komai tsadar alƙalamin. Don haka nemi kwamfiresa mai tanki. Akwai wadda ake kira AS186, kamfanoni da dama suna sayar da ita da sunaye daban-daban, tankinta lita 3 ne, kuma ta ishi mai farawa. Tankin yana sa iska ta fito daidai ba rawa, injin kuma in ya cika shi sai ya tsaya ya huta, maƙwabcinka ma ya huta. Ka tabbatar tana da majuyin rage ƙarfin iska da agogonsa, domin yawancin aikinka tsakanin psi 15 zuwa 25 zai tsaya. Ka duba kuma tana da ɗan gilashin nan mai tare ruwa. Iska in an matse ta, danshin cikinta yakan koma ruwa, ya biyo tiyo, ya tofo ɗigo a kan aikin da ka yini kana yi, kuma ƙasar da kake ba ta rabo da danshi. A ƙarƙashin tankin akwai ɗan noti, ka riƙa kwance shi jefi-jefi ruwan ya zube, kada tsatsa ta ci shi daga ciki. Gwangwanin iskar da ake sayarwa kuwa, kada ka kula shi: yana sanyi a hannu, ƙarfinsa ya ragu kana tsakiyar aiki, kuɗi su yi ta tafiya. In za ka yi odar kwamfiresa daga Amurka, ka tuna wutarsu bolt 120 ce, ta Ingila da ta gida 230.

Sai alƙalamin. Ɗauki mai kunama mai aiki biyu, wato ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo, gwargwadon jan gwargwadon fentin. Makon farko yatsanka zai yi gardama, daga baya ya saba. Ɗauki kuma mai ɗan kofi a sama, wanda fenti ke gangarowa da kansa. Mai kwalba a ƙasa na masu feshin abu mai faɗi ne, yana son iska da yawa da fenti da yawa, kai kuwa sojanka bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, ɗigo biyar ko shida sun ishe shi.

Maganar allura ce nake so ka saurare ni a kanta da kyau, don a nan yawancin matasa suke tuntuɓe. Za ka ga an rubuta 0.2, 0.3, 0.35, 0.5, faɗin bakin ke nan a milimita. Zuciya za ta ce maka tun da abin da kake fentawa ƙanƙane ne, ai mafi siririn baki ya dace. Kada ka bi ta. Fentin da kuke amfani da shi na akirilik ne, mai ruwa, yana da ƙwayoyin launi masu ɗan kauri, ga saurin bushewa. A bakin 0.2 zai riƙa toshewa, ka tsaya ka goge, ka ci gaba, ya sake toshewa, har ranka ya ɓaci ka ɗauka kai ne ba ka iya ba. Na ga yara masu basira sun ajiye kayan a kwali saboda wannan kawai, abin yana yi mini ciwo. Baki tsakanin 0.3 zuwa 0.4 yana haƙuri da mai koyo, yana karɓar fentin shimfiɗa na farko, yana karɓar launi, yana karɓar banish. Siririn layi kuwa daga hannu yake fitowa: ka matso kusa, ka rage iska, ka ja kunama kaɗan. Iwata Eclipse HP-CS ta Japan mai 0.35 ce, mutane da yawa sun yi shekaru a kanta ba su nemi wata ba. Akwai Procon Boy PS-289 mai 0.3, ita ma ta Japan. Harder & Steenbeck na Jamus suna da Ultra da Evolution. Badger Patriot 105 ta Amurka tana zuwa da 0.5, jaruma ce wajen fentin shimfiɗa da manyan tankoki, sai dai zaren tiyonta nata ne daban, sai ka haɗa da ɗan mahaɗi.

Cikin waɗannan wacce? Wadda za ka sami allurarta da bakinta a shagon kusa da kai, ko ka yi oda su iso cikin 'yan kwanaki. Allura za ta lanƙwashe wata rana, wannan babu makawa. Baki zai tsage. Kafin ka biya kuɗi, tambayi farashin waɗannan biyun, in hali ya yi ka haɗa da allura guda ta ajiya. Ka kuma duba yadda bakin yake zama. Akwai wanda ake ɗaurawa da ɗan sifana, ƙanƙane ƙwarai, in ka matse shi fiye da kima zarensa ya karye a ciki. Na Harder & Steenbeck da na Patriot ba su da zare, zura su kawai ake yi murfi ya riƙe, wankinsu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Alƙalamin da ake haɗowa kyauta da kwamfiresa mai araha ba na hana ka koyon kwancewa da ɗaurawa a kansa, amma ka san araha ba ta ado, kuma in ya lalace da wuya ka sami kayan gyaransa.

Yanzu ga abin da ba na so ka yi mini musu a kansa. Cikin kuɗin nan ka ware na takunkumi tun kafin komai. Fentin da aka watsa ya zama ƙura, ba ka ganinta amma tana shiga huhu, ko da an rubuta a kwalbar cewa ba shi da guba. Ga fenti mai ruwa, takunkumin tace ƙura mai lambar P2 ko P3 ya wadatar. In ka koma fenti mai ƙarfin wari irin wanda ake kira lacquer ko inamel, sai mai gwangwanin tace tururi. Ka yi aiki kusa da taga, in da hali da ɗan akwatin feshi mai fanka da ke fitar da iskar waje. Kada ka yi feshi a ɗakin da kake kwana ƙofa a rufe. Mahaifiyarka ba za ta yafe mini ba in na koya maka sana'ar da za ta taɓa ƙirjinka.

Fenti kuwa, fara da wanda aka riga aka sirka don feshi, kamar Vallejo Model Air na Sifaniya, har idonka ya san kaurin da ake so. In za ka sirka da kanka, ya koma kamar madarar da aka tatso yanzu, ya gangara a jikin kofin ya bar ɗan sawu. In ya fita tsattsaka-tsattsaka kamar yashi, ya yi kauri ko ka yi nisa. In ya bazu yana ƙafafu, ruwa ya yi yawa ko ka matso da yawa. Ɗigon ruwan da ke jinkirta bushewa yana rage taruwar fenti a tsinin allura.

Kada ka sa ran alƙalamin zai karɓe wa buroshi aikinsa. Idanu, bel, maɓallai, gefen takobi, duk na buroshi ne har gobe. Inda feshi yake nuna kansa shi ne shimfiɗar farko mai santsi wadda ba ta cike ƙananan zane, da fenta runduna guda launi ɗaya a zama ɗaya, da tankoki da gine-gine. Gwada wannan da wuri: fesa baƙi a jikin sojan duka, in ya bushe ka fesa fari daga sama kaɗai, ta inda rana za ta faɗo masa. Haske da inuwa sun zauna ke nan tun kafin ka sa launi, sai ka bi da fenti mai shara-shara irin Contrast da Games Workshop suka fitar a 2019.

Amma kafin sojan farko, sayi cokulan roba masu yawa ka yi koyo a bayansu, ɗigo, layi, sannan launi mai dusashewa. Riƙe ƙa'ida guda: iska ce ke fara fita, ita ce kuma ke tsayawa a ƙarshe. Duk lokacin da za ka sauya launi, zuba ruwa a kofin ka fesa cikin kwalbar wanki har ya fito fes. In ka tashi aiki, zare allurar a hankali ka goge ta daga gindi zuwa tsini, ka mayar da ita ba tare da turawa da ƙarfi ba. Kada ka jiƙa alƙalamin dungurungum cikin ruwan wanki, robobin cikinsa ba sa so, kuma ka nisanta shi da ruwan goge gilashi mai amoniya, yana cin farin ƙarfen da aka lulluɓe shi da shi. In ka gama rundunar farko, aiko mini da hotonta in nuna wa ƙannenka.