Daga Majalisa zuwa Fagen Gasa: Nazarin Tsarin Shirya Gasar Dara a Matakin Unguwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matakan shirya gasar dara a ƙungiyar 'yan wasa ta unguwa. Ta nuna cewa nasarar gasar ta rataya ne a kan daidaita ƙa'idoji da zaɓen tsarin karawa, tare da kare adabin bakan da ke tafiya da wasan.

1.0 Gabatarwa

Dara wasa ne na kaifin tunani da manya ke yi a gindin bishiya ko bakin kasuwa, musamman da rani bayan an kammala aikin gona. Ta yi tasirin da har ta shiga karin magana, inda ake cewa "dara ta ci gida" idan dabarar mutum ta koma kansa. A majalisa, sabo da sanayya ne ke warware saɓani. A gasa kuwa, baƙi ne ke haɗuwa, kowa da irin ƙa'idar da ya taso da ita.

2.0 Daidaita Ƙa'idoji

Darar da aka fi sani tana da gurabe 30, wato layi 5 masu gurbi 6, kuma kowane ɗan wasa na riƙe da 'ya'ya 12, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da guntayen kara. Ana fara jera 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga matsar da su zuwa gurbin da ke maƙwabtaka, ban da karkace. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi, domin ba shi da sauran halin jera uku.

Wajibi ne kwamitin gasa ya yanke hukunci a kan abubuwa uku kafin ranar wasa: matsayin 'ya'ya huɗu a layi ɗaya, da halaccin cin ɗan da ke cikin jerin uku, da kuma lokacin da za a ayyana kunnen doki. A karanta hukuncin a gaban kowa, domin ƙa'idar da aka fito da ita a tsakiyar wasa, wanda ta kayar zai ɗauke ta son kai.

3.0 Tsarin Karawa

A ɗauki misalin 'yan wasa 16. Idan kowa zai kara da kowa, za a yi karawa 120, abin da ya fi ƙarfin yini guda. Tsarin sili ɗaya ƙwale na buƙatar karawa 15 a zagaye 4, amma yakan sallami rabin mahalarta tun a zagayen farko. Matsakaicin tsari shi ne a kasa su rukuni 4 ta hanyar ƙuri'a. Rukunan za su yi karawa 24, sannan mutum biyu daga kowane rukuni su haye, a ƙara 7, jimilla 31. Domin adalci, kowace karawa ta ƙunshi wasa biyu, kowa ya fara jerawa sau ɗaya. Kyautar gasa ta fito daga aljihun ƙungiya ko masu tallafi, saboda zubin kuɗi tsakanin masu karawa na jawo wa wasan zargin caca, ya kuma kori dattawa.

4.0 Matsayin 'Yan Kallo

Nan ne babban ƙalubale yake. Armashin dara na cikin habaici da kirari da barkwancin da ake jifan juna da su, amma ta cikinsu ne ɗan kallo ke iya sakaya wa gwaninsa shawara. Idan alƙalin wasa ya hana magana baki ɗaya, ya raba dara da abin da ya sa ta zama taskar harshe. Mafita ita ce a bar wa masu karawa bakinsu, 'yan kallo kuma su yi shewa bayan an ci, amma duk wanda ya ambaci gurbi ko ya yi nuni da shi a fitar da shi daga da'ira.

5.0 Kammalawa

Gasar da aka tsara haka za ta jawo matasa, ta kuma ba manazarta damar naɗar kalmomin fannu da salon maganar 'yan dara daga bakin masu ita. Ya kamata sassan nazarin Hausa su haɗa hannu da irin waɗannan ƙungiyoyi tun dattawan da suka san wasan suna raye.