Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Cewa Abu Ya Zama Wani Abu da Turanci?

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a ƙasar Bichi, ina shirin zana WAEC da NECO. Kalmomin nan, "become", "get", "turn", "go" da "grow", suna rikita ni. Ƙamus ya ce duk suna iya nufin "zama", amma in na sa wata a madadin wata sai malaminmu ya ja mini jan biro. Mene ne bambancinsu?

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'a, ya sa a fita kunya.

Mu fara daga gida. Bahaushe yana da hanya uku ta faɗin abu ya sauya hali. Ko ya ce "zama" ko "koma": kashin dabbobi ya zama taki. Ko ya kawo "yi" da suna: nono ya yi tsami, gari ya yi duhu. Ko ya yi amfani da aikatau guda: gero ya nuna, tumatir ya ruɓe, rijiya ta ƙafe. In ɗalibi ya ɗauko wannan gini ya kai shi Turanci yadda yake, sai ya rubuta "the milk did sour" ko "the water returned ice", jan biro kuwa ya hau. Shi Bature sai ya duba irin sauyin tukuna, sannan ya zaɓi aikatau.

Don haka ki fara tambayar kanki: kalmar da za ta biyo baya suna ce ko sifa? In suna ce, kamar likita ko sarki, "become" za ki ɗauka: "She became a nurse." Kada ki ce "she got a nurse", domin wannan na nufin ta samo nas ne, ba ita ta zama nas ba. In kuwa abu ya rikiɗe ɗungurungum ya koma wani abu dabam, "turn into" ya fi dacewa. Ganyen gyaɗa da aka shanya bayan kaka ya koma harawa, "the leaves turned into fodder". Ki lura, "into" suna yake nema, saboda haka "turned into sour" kuskure ne.

In sifa ce ta biyo baya, nan zaɓin yake da yawa. "Get" ta hira ce ta yau da kullum: "it is getting hot", "I got tired". A wasiƙar neman aiki ko rubutun jarrabawa, "become" ta fi kamala. "Turn" ta launi ce da yanayi: ganyen dawa ya yi rawaya, "the leaves turned yellow". Da ita kuma ake faɗin cika shekaru: "he turned 18". "Go" yawanci ta sauyin da ba a so ce. Manomin rani a bakin madatsar Watari da ke Bagwai, in ya rasa mai saye kwandunan tumatirinsa suka kwana a rana, abin da za a ce shi ne "the tomatoes went bad". Haka "go blind", "go deaf" da "go mad", wato makancewa, kurumcewa da haukacewa. "Grow" ta sauyin da ke zuwa a hankali ce, kamar tsufa ko shigar magariba: "grow old", "grow dark".

Akwai kuma waɗanda aka riga aka ɗaura wa aure, ba a raba su: "fall ill" da "fall asleep" don kamuwa da ciwo da shiga barci, "come true" don mafarkin da ya tabbata, "run dry" don rijiyar da ta ƙafe a tsakiyar rani. Waɗannan ba su da wata doka, hadda ake yi, kuma irinsu ne ake yawan kawowa a tambayoyin cike gurbi.

Sau da yawa ma Turanci na da aikatau guda kamar namu. Ana ƙara "en" a ƙarshen sifa, sai a sami "ripen", "harden", "soften" da "widen", wato nuna, taurara, yin laushi da faɗaɗa. "The millet has ripened" ya fi "has become ripe" daɗin ji. A darasin kimiyya kuma kowane sauyi da sunansa: "melt" narkewa, "freeze" daskarewa, kamar ta ruwa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, "evaporate" ruwa ya bi iska, "condense" tururi ya koma ruwa, kamar ɗigon da kike gani a cikin murfin tukunya in an buɗe tuwo.

Shawarata, ki ware littafi guda, kullum ki rubuta jimla biyar kan abin da ya sauya a gidanku ko a gona, kowace sifa tare da aikatau ɗinta, ki kai wa malaminku ya duba. A ɗakin jarrabawa kuwa in shakka ta kama ki a wajen rubutun insha'i, ki riƙe "become", domin da wuya ta kayar da ke.